Zaɓen Matatar Iska Don Motar Rangadi

A zamanin da hakimai su ke fita rangadi bisa dawaki, in ƙura ta taso sai mahayi ya ja amawali ya rufe hanci da baki, ya ci gaba da tafiyarsa. Da aka fara ƙera Land Rover a Ingila cikin 1948, ba a daɗe ba ta iso ƙasar nan, ta zama motar rangadi ta ma'aikatan gwamnati da na En'e. An rushe tsarin En'e cikin 1976, motocin ma sun sake, yanzu Toyota Land Cruiser da Hilux su suka fi yawa a ƙofar hakimai da sakatariyar ƙananan hukumomi. Amma hanyar ƙauye tana nan da ƙurarta, kuma har yanzu ita a ke bi in za a kai majinyaci asibiti da dare, ko a kai maganin rigakafi rugage, ko a riski manoma da makiyaya tun rikici bai yi nisa ba.

Mota ma tana da nata amawalin, shi ne matatar iska, wadda makanikai su ke kira filta. Tana cikin wani akwati ko gwangwani a gefen inji, kuma duk iskar da inji zai shaƙa tilas ta bi ta cikinta. Ba ta da tsada in an gwada ta da taya ko batir, don haka ba safai a ke kawo maganarta gaban hakimi ba. To, amma masu sayar da kayan mota suna tallan wata iri da su ke cewa ba ta ƙarewa, in ta yi dauɗa a wanke a mayar, har su kan ƙara da cewa tana ƙara wa mota ƙarfi tana rage shan mai. Direba ya kan ji wannan a tasha ya kawo shawara, malami kuwa shi ne zai rubuta takardar fid da kuɗi. Saboda haka ya kamata hakimi da malaminsa su san abin da ke cikin maganar kafin a sa hannu.

ABIN DA INJI KE SHAƘA

Mutane da yawa suna tsammani mai kaɗai mota ta ke sha. Alhali kuwa mai ba ya ƙonewa sai da iska, kuma iskar ta fi man yawa nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone sarai. In an juya wannan lissafi zuwa lita, sai a ga lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000, watau cikin ganga 45 irin mai cin lita 200. Motar da ta ƙone lita 80 a rangadi ɗaya ta shaƙi iska cikin ganga 3,600 ke nan. Inji mai shan gas ya fi haka ma, domin shi kullum iskar da ya ke zuƙa ta ɗara abin da man ke bukata.

Ƙurar da ke cikin iskar nan iri biyu ce. Akwai wadda taya ke tayarwa a hanyar burji da ta rairayi, irin ta wajen Yusufari da Macina da Maigatari, wadda ta fi damun motar da ke bin bayan wata a ayari. Akwai kuma ta hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kawowa daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Babban rabo daga cikinta yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, inda wani makeken tafki na zamanin dā ya ƙafe ya bar laka mai laushi kamar garin alli. Wannan ta hunturu ita ta fi wuyar tarewa saboda ƙanƙantarta.

Duka biyun akwai ɓarɓashin yashi a cikinsu, yashi kuwa ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya shiga, sai ya gauraya da ɗan man da ke jikin silinda, fistin na hawa yana sauka yana goga shi, kamar yadda a ke wasa wuƙa bisa dutse. Sannu a hankali ringi ya cinye, mota ta fara shan man juye, shuɗin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, in mai gas ce ta riƙa ƙin tashi da sanyin safiya. Daga nan sai sauke inji, motar ta yi makonni a gareji, baitulmali ya biya kuɗin da ya ninka na matata sau da yawa. Da ya ke ɓarnar ba rana ɗaya ta ke faruwa ba, ba wanda ke tuna matata. Sai a ce direba ne ba shi da hannu, ko man juye ne ba shi da kyau, ko kuwa motar ce ta zo da rashin sa'a.

TSOHUWAR MATATA MAI KWANON MAI

Matatar da a ke wankewa ba sabon abu ba ce. Tsofaffin Land Rover duka da irinta suka zo, kuma har yanzu akwai ta a jikin tarakta da yawa. Gwangwani ne mai kwano a ƙasa, a zuba man juye a kwanon har ya kai wani layi da aka zana. Iska ta kan gangaro da ƙarfi ta juya bisa fuskar man, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, sauran kuma ta maƙale a wata ragar waya wadda man ke jiƙawa. Ba abin da ta ke bukata sai man juye da kananzir na wanki, abubuwan da a ke samu a kowane gari mai tasha.

Tana da aibi uku. Aikinta ya dogara ga ƙarfin zuƙar inji, don haka in mota tana rarrafe cikin rairayi ko tana tsaye inji na aiki, tacewarta ta kan ragu, ga shi kuwa a lokacin ne ƙura ta fi lulluɓe mota. Tana kuma son kulawa kullum: littafin da kamfanin ya buga wa direbobin Land Rover ya umurta a sake man kowace rana in ana tafiya cikin ƙura, har sau biyu a rana in abin ya tsananta. Na uku, in aka cika man ya wuce layi a inji mai gas, injin ya kan zuƙe shi ya ƙone shi kamar gas, ya yi ta gudu ba ya jin makulli har ya lalace. Duk da haka, wanda ke da tsohuwar mota ko tarakta mai irin wannan matata, ya bar ta yadda ta ke, ya kula da ita. Ta fi gyare-gyaren da a ke yi da tiyo da waya a bakin hanya.

TA TAKARDA

Tun wajen 1960 masu ƙera motoci suka fara komawa ga matatar takarda, kuma yau kusan kowace sabuwar mota da ita ta ke fitowa. Takardar ba irin ta rubutu ba ce. Mai kauri ce, an jiƙa ta da wani irin ƙaro don ta yi ƙarfi, an naɗe ta ninki-ninki yadda in an warware za ta yi faɗin da ya ninka akwatinta sau da yawa. Akwai ƙa'idar gwaji da ƙasashen duniya suka yarda da ita, mai lamba ISO 5011, inda a ke auna ƙura a hura wa matata, sa'an nan a auna abin da ya wuce. Takarda mai kyau ta kan tare sama da kashi 99 cikin 100, ta manyan injuna kuwa ta kan kai 99.9, ko inji na gudu ko yana rarrafe.

Akwai wani abu game da ita wanda direbobi da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa ya kashe injuna. Takarda ta fi tacewa bayan ta ɗan yi aiki. Ƙurar farko ta kan toshe manyan ƙofofinta, ta yi shimfiɗa bisa fuskarta, shimfiɗar nan ita kanta ta zama wata rariya. Don haka ganin matata ta yi ja ba shi ne alamar ta ƙare ba. Direban da ke buɗe akwati kowace safiya yana fid da ita yana bugawa a jikin taya, yana ganin himma ya ke yi, amma ɓarna ce. Bugun ya kan lanƙwasa bakinta ya tsage ninkinta, kuma duk sa'ad da aka zare ta, ƙura ta kan zuba a ɓangaren da ya kamata ya zauna fes. Haka nan wanda ke kai ta wurin mai faci a hura mata iskar taya da dukkan ƙarfi. Ta kan dawo fari tas, amma da ƙananan huji waɗanda ido ba ya gani. In larura ta kama a daji babu wata, to, a hura a hankali daga ciki zuwa waje, bakin tiyon na nesa da takardar, sa'an nan a sa tocila a cikinta a wuri mai duhu. In haske ya ɓullo ta ko'ina kamar tsinin allura, ta gama aiki.

Ba a wanke takarda da ruwa ko da fetur. Wasu kamfanoni suna yin wata mai kama da takarda wadda a ke iya wankewa, amma ita an rubuta haka a jikinta ko a littafin motar. Wadda ba a rubuta ba, ruwa lalata ta ya ke yi.

MASU WANKUWA NA ZAMANI

Waɗanda a ke talla yanzu iri biyu ne. Ta farko auduga ce mai shara-shara, an jera ta ninki huɗu ko fiye tsakanin ragar waya biyu, an shafa mata wani mai, galibi ja. Asalinta daga masu tseren babur ne a Kalifoniya ta ƙasar Amurka cikin shekarun 1960, mutanen da bukatarsu ita ce inji ya sha iska iyakar iyawarsa, kuma su kan kwance injin su gyara bayan tsere. Gaskiya ne iska ta fi wucewa cikinta da sauƙi, domin ƙofofinta sun fi na takarda faɗi, man ne ke kama ƙurar. Tacewarta ta kan tsaya tsakanin kashi 96 da 99 cikin 100.

Wanda ya ji 98 da 99.9 zai ce ai kusan ɗaya ne. Malamin da ya saba da lissafin haraji ba zai ce haka ba, domin abin dubawa shi ne abin da ya wuce. In ƙura giram 1,000 ta zo bakin matata, mai tare 99.9 za ta bar giram 1 ya shiga inji, mai tare 98 kuwa za ta bar giram 20. Ninki 20 ke nan. A kan kwalta a ƙasar da ba ta da ƙura, wannan bambanci ba ya damun kowa. A hanyar Gaidam cikin watan Janairu, magana ce babba.

Batun ƙarin ƙarfi kuwa, ɗan abin da a ke samu sai an take totur har ƙasa inji na iyakar gudunsa, abin da motar rangadi ba ta yi. Na rage shan mai ma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Wani gwaji da aka yi a ɗakin binciken gwamnatin Amurka na Oak Ridge cikin 2009 ya nuna cewa a motocin fetur masu kwamfuta, ko toshewar matata ba ta ƙara shan mai yadda za a lura, sai dai ta rage wa mota kuzari, domin kwamfutar tana auna iskar ta ba da mai daidai da ita. Tsohuwar mota mai kafireto ce shan manta ke ƙaruwa. Har wa yau, na'urar nan da ke auna iska wata siririyar waya ce a bayan matata, kuma in an cika wa auduga mai, ya kan tsallaka ya shafe ta, mota ta riƙa shaƙewa, a yi ta neman ciwon a wani wuri.

Iri na biyu soso ne, irin wanda ke cikin ƙananan janareto da babura da yawa, sai dai na mota ya fi kauri, sau da yawa hawa biyu ne, mai manyan ƙofofi a waje, mai ƙanana a ciki. A kan jiƙa shi da wani mai na musamman mai danƙo. In an yi masa yadda ya kamata, yana riƙe ƙura da yawa, laima kuma ba ta kashe shi, shi ya sa masu yawo cikin hamadar Ostareliya da yawa su ke son sa. A ƙasa mai ƙura ya fi auduga dacewa. Amma dukkan amfaninsa yana ga man nan. Soso busasshe kusan daidai ya ke da babu. Man juye ba ya maye gurbin nasa, domin ba shi da danƙo, ya kan tsiyaye ya taru a ƙasa ya bar saman a bushe. Fetur kuma ya kan ci gam ɗin da aka haɗa soson da shi. Sai an wanke da abin wankinsa ko ruwan sabulu, a matse ba a murɗe ba, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, a shafa mai ya ratsa ko'ina, a matse rarar. Aikin ya kan ci yini, a cikin hunturu kuma ya kan zo a kai a kai.

WACCE ZA A SAYA?

Tambayar da hakimi zai yi ita ce, wa zai yi wankin, kuma ina za a sami man? Motar hukuma ba kamar motar mutum ɗaya ba ce. Yau wannan direba, gobe wancan, jibi an ba da aronta ga ma'aikatan lafiya. Matatar takarda tana fitowa daga masana'anta da ingancinta, ba ruwanta da gwanintar wanda ya sa ta, muddin ya zaunar da ita daidai. Mai wankuwa kuwa ingancinta yana hannun wanda ya wanke ta na ƙarshe, kuma ba wanda zai iya duban ta daga waje ya ce an yi daidai ko an yi ha'inci. Saboda wannan, motar rangadi a ƙasar nan takarda ta fi dacewa da ita, mai kyau, irin wadda kamfanin motar ya ƙayyade, tare da wata sabuwa a ajiye cikin motar.

Soso yana da wurinsa. In mota tana aiki nesa da kasuwa watanni, direbanta ɗaya ne kuma amintacce, an tanadi man na musamman wanda zai kai shekara, an kuma sayi soso biyu don ɗaya na aiki ɗaya na bushewa, to, ba laifi. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, a koma takarda. Ita kuwa auduga a bar wa motocin kwalta. Wanda zai yi lissafin riba ya tuna ya sa kuɗin mai da na abin wanki da yinin da mota za ta yi a tsaye, kada ya gwada kuɗin saye kaɗai.

In akwai ɗan kuɗin da a ke so a kashe don rage sayen matata, inda ya fi amfani shi ne gaban matatar. Akwai wani kwano mai juya iska kamar guguwa, ƙura mai nauyi ta fita gefe ta taru a ƙasa tun ba ta kai ga takarda ba. Motocin daji da yawa suna zuwa da shi, abin da ya rage kawai a riƙa zubar da abin da ya tara. Akwai kuma dogon bututu da a ke ɗaurawa a gefen gilashin gaba, mai shaƙo iska daga saman mota inda ƙura ba ta kai ta wajen taya yawa ba. Yana da amfani da damina ma, ga masu ƙetare ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, domin takarda in ta jiƙe ta kan ruɓe ta yage. Sai dai a sani babu matatar da ke tare ruwa, ko ta takarda ko ta soso. In bakin bututu ya nutse, ruwa ya shiga silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe nan take. A ayari kuma, tazara tsakanin mota da mota tana rage wa ta baya ƙura, ba a biya ko kwabo ba.

AIKIN MALAMI

Araha ba ta ado. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, da kowace kasuwar kayan mota, akwai na kirki akwai na banza, kwalinsu kuwa ya kan yi kama. Malami ba makaniki ba ne, amma yana iya riƙe sabuwa da tsohuwa ta asali ya gwada. Ta jabu ninkinta bai kai yawa ba, ba ta da nauyi, gam ɗinta ya kan bar giɓi, robar bakinta kuma ta kan yi tauri. Robar nan ita ce rabin aikin, domin iska ta fi son hanya mai sauƙi, in ta sami ɗan giɓi a gefe ba za ta bi ta takarda ba sam.

A littafin mota a rubuta ranar da aka sa matata, da kilomitar da agogo ya nuna, da inda aka saya, da sunan wanda ya sa. Adadin kilomitar da kamfani ya ƙayyade na hanya mai kyau ne, a cikin ƙura ya kan ragu ƙwarai. Abin da ya fi agogo gaskiya shi ne wata 'yar na'ura mai araha da a ke ɗaurawa a bututun iska, wadda ke nuna ja in matata ta toshe har inji ya fara wahalar zuƙa. Motar da ke da ita ba a buɗe akwatinta sai ta nuna. Wasu manyan motoci da tarakta suna da matata biyu, ƙarama a cikin babba. Ƙaramar ba a kaɗe ta, ba a hura ta, a kan sake ta ne bayan an sake babbar sau uku.

Ran da za a sake, malami ya tsaya a wurin. A yi aikin inda iska ba ta kaɗawa, a share cikin akwatin da ɗanyen tsumma kafin a sa sabuwa, a tabbata kowane maɗauri ya kama. Sa'an nan ya sa yatsa cikin tiyon da ya tashi daga matata zuwa inji ya shafa. In yatsan ya fito fes, lafiya. In ya fito da ƙura, to, akwai inda ta ke shiga, ko ta tsagar tiyo, ko ta maɗaurin da ya saki, ko ta murfin da ya lanƙwashe, kuma kada motar ta fita rangadi sai an gano wurin. Wadda a ke ajiyewa don ko ta kwana a bar ta cikin ledarta da kwalinta, a sa ta inda jak da ƙafar sifiya ba za su danne ta ba.